Yadda Surukuta Ta Fitar da Ni Daga Filin Fenti

Mahaifiyarku ta sha gaya muku cewa ciwon gwiwa ne ya raba ni da wasan harbin fenti. Ni ma da kuka tambaye ni kuna ƙanana sai na gyaɗa kai, don gwiwa ta fi sauƙin bayani. To ga shi kun girma, wasunku har da 'ya'ya, kuma na ji an fara raɗe-raɗin wai Nura, mijin babbar yayarku, shi ya ture ni daga ƙungiyar da na kafa da hannuna. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Gwiwata lafiyarta lau a wancan lokacin, Nura kuwa ko kujerar da nake zaune a kai bai taɓa turewa ba. Zan faɗa muku abin da ya faru, amma kada ku sa ran zan ce ga mai gaskiya ga mai laifi, don ni kaina har yau ban gama gane kan al'amarin ba.

Kun san karatu ya kawo ni Alƙahira daga Funtuwa, kuma kun san karatun ya yi nasa wuri ni na yi nawa. Na daɗe ina raka 'yan kasuwarmu cikin kasuwar Ataba, ina yi musu tafinta da ciniki, har wani Bamisire da ake kira Ustaz Magdi ya ɗauke ni aiki a filin da ya buɗe can bayan gari, ta hanyar sahara. Wasan da su ke ce wa bentbol ake yi a wurin. Fili ne da aka kewaye da raga, an jejjera manyan buhunan roba masu cike da iska don a ɓuya a bayansu. Mutum biyar nan, biyar can, kowa da abin rufe fuska da bindigar iska mai harba ƙananan ƙwallaye masu fenti a ciki. Wanda ƙwallo ta fashe a jikinsa ya fita, waɗanda suka share abokan karawarsu su ne da wasa. Da wankin abin rufe fuska na fara, da cika tukwanen iska, ina yi wa masu wasan kallon manyan banza da suka rasa abin yi. Rannan aka rasa cikon mutum na biyar aka miƙa mini bindiga. Tun daga ranar ban sake zagin kowa ba.

Ba ni da gudu, a lokacin ma na haura arba'in, amma ina da ido da murya. Mai tsayawa a baya abin da yake bukata ke nan. Shi ke ganin fili duka, shi ke gaya wa na gaba inda za su sa ƙafa, su kuma na gaba su ƙwala masa abin da buhu ya kare masa. Mutane na zaton wasan harbi ne. A'a, wasan surutu ne. Ƙungiyar da ta yi shiru ta mutu, ko da kuwa maharba ne 'ya'yan maharba.

Shi ya sa ranar da Ustaz Magdi ya ce yana son ƙungiya ta ƙwararru, masu albashi da takardar aiki, wadda za ta riƙa shiga gasa, kuma ni zan tara ta in zama kyaftin, sai na ce masa Hausawa zan ɗauka zalla.

Ya ce, "Le, ya Idris? Don me? Masar ta ƙare ne?"

Na ce, "Ustaz, in Bamisire ya yi ihu, abokin karawarsa ya ji me ya ce. In mu muka yi, sai dai su ji ƙara."

Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce yalla, in je in nemo su.

Na shiga neman mutane. Ina zuwa inda samarinmu ke buga ƙwallo a unguwarmu ta Faisal ranar Juma'a, amma ba masu cin ƙwallo nake duba ba, masu bakin da ba ya rufuwa nake nema. Haka na sami Bashir, ɗalibi daga Gombe wanda in ya yi kiran salla a gidansu sai bene na bakwai ya ji. Na sami wasu tagwaye 'yan Damagaram da ba sa rabuwa da musu. Duk wanda na kawo, sai na sa ya juya baya in ɗirka masa ƙwallo guda a kafaɗa ba shiri. Tana da zafi, tana barin shaida. Wanda ya waiwayo da fushi in sallame shi, wanda ya yi dariya ko ya ce a ba shi bindigar ya rama, shi nake riƙewa.

Nura kuwa a Ataba na tsince shi. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tsaya a can kan hanyar Makka, shi kuma rikici ya koro shi Alƙahira, yana zaune da kawunsa a unguwar Hadayek el-Maadi. Na gan shi ɗauke da dila a ka, yana ratsa cunkoso da gudu, yana yi wa mai tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku, tsiya da Larabcin Masar, yana amsa wa wani da na Sudan, yana zolayar wata Hajiya 'yar Kano da Hausa, duk a numfashi ɗaya. Da na harbe shi a kafaɗa sai ya juyo ya ce:

"Ya zol, bawan Allah, wannan ce bindigar? Kakata ta fi ta zafin hannu."

A ranar na ba shi gurbin maciji. Wani dogon buhu ne da ke kwance a gefen fili, mai wasa yana jan ciki a bayansa har ya ɓullo wa abokan karawa ta haƙarƙari. Gurbi ne na mai zuciya, kuma wanda ke cikinsa ba ya ganin komai sai abin da na baya ya gaya masa.

Horon ya ba ni wahala ta inda ban zata ba. Gudu da zamiya a kan gwiwa da harbi da hannun hagu duk sun koya. Mun raɗa wa buhunan sunayenmu: Rumbu, Randa, Ɗakin Kaka. In aka ce Randa ta cika, an san akwai mutum a bayanta. Abin da ya gagara shi ne ladabi. Yaran nan 'ya'yan mutunci ne, ni kuma na haife su. Sai ka ji ana ruwan fenti Bashir yana cewa, "Malam, gafarta, kamar akwai wani a damanka." Kafin ya kai ƙarshen gafarar na zama ruwan ɗorawa tun daga wuya har ciki. Dole na kafa doka: a cikin raga babu Malam, babu Baba, babu don Allah. Sunana Idi, a faɗe shi da ƙarfi. Wanda ya yi mini ladabi a cikin raga ya zaga fili da gudu. Sun sha zagaye kafin su saba, amma sun saba. Nura ne ma bai taɓa zagawa ba, don shi tun ranar farko yake ƙwala mini, "Idi, kwanta! Idi, ka makance ne?" Ni kuwa daɗi nake ji har cikin raina.

Muka fara cin ƙungiyoyin Alƙahira ɗaya bayan ɗaya. Har wata ƙungiya ta ɗauko wani ɗalibinmu ta tsayar da shi bayan raga yana fassara musu, sai muka sauya wa buhunan suna aka bar shi yana fassara iska. Ustaz Magdi ya sa sunanmu a babbar gasar da za a yi a ƙarshen shekara, wadda ƙungiyoyi ke zuwa daga wasu ƙasashe. Ba zan ɓoye muku ba, na ƙwallafa rai a kan gasar nan. Mutumin da ya bar gida don ya zama malami bai zama ba, ya tsufa yana wanke gumin wasu daga abin rufe fuska, ga shi Allah ya kawo ranar da za a kira sunansa a lasifika. Na san ita ce ta farko kuma da wuya in ga ta biyu.

Ana cikin haka sai kawun Nura ya yi mini sallama a gida da wasu dattawa biyu da goro. Ashe duk zuwan da yaron nan yake yi gidanmu da sunan karɓar rigunan wasa da mahaifiyarku ke wanke mana, ba riguna kaɗai yake dubawa ba. Yayarku ta gama karatun jinya a lokacin, kuma da aka tambaye ta ba ta ce a'a ba. Ban ga abin ƙi ba. Na san yaron a inda ake sanin mutum, na ga fushinsa na ga haƙurinsa. Na ba su, aka sa rana bayan gasa. Na kwanta ina murna na yi wa ƙungiya ƙulli biyu.

Ranar horo ta gaba ina shiga sai na hangi Nura ya durƙusa tun daga nesa, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

Na amsa ina dariya, na ce ya tashi. Aka busa usur, ya zame cikin maciji kamar kullum. Na jira muryarsa. Shiru. Na ƙwala masa cewa Rumbu ta cika, ko in ce na yi niyyar ƙwalawa, don abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wannan... kai yaro... a duba Rumbu." Sunansa ya maƙale mini a wuya. Na tsaya ina mamakin kaina, sai ji na yi fenti ya rufe mini gilashi.

Daga nan abubuwa suka dagule. In mun rabu gida biyu don gwaji, ya zagayo ya same ni a fili, bayana a buɗe, sai ya sauke bindiga ya ce "Sannu, Baba," a harbe shi a tsaye. In muna gefe ɗaya kuwa, ga yadda saƙo ke zuwa: Nura ya ce wa Bashir, "Ka gaya wa Baba akwai mutum a hagunsa." Bashir ya ce wa ɗaya daga cikin tagwaye, shi kuma ya juyo ya gaya mini, ya tarar ina fita da hannu a sama. Lokacin cin abinci, da muke haɗuwa a faranti ɗaya na ful, dafaffen wakensu, da burodi, Nura ya koma bayan motar Ustaz yana ci a ɓoye, ni ma na kasa haɗiya in na san yana kusa. Ƙungiyoyin da muke lallasawa suka fara lallasa mu.

Ustaz Magdi ya kira ni ofis, ya kasa gane komai.

"Ya'ani ka ba shi 'yarka, shi ya sa ba zai yi maka magana ba? Ka ƙi ba shi ne ko ka ba shi?"

"Na ba shi, Ustaz."

"To ni surukina kullum sai mun yi faɗa a kan ƙwallo, har ya jefe ni da takalmi. Wannan shi ne zumunci! Ka yi masa tsawa, khalas, magana ta ƙare."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin kunyar suruki, na ga ina ƙara rikita shi ina rikita kaina. Ya tambaye ni ko addini ne. Na ce ba addini ba ne. Ya ce to mene ne? Na ce haka muka taso. Ya ɗaga hannu sama ya ce in gyara kafin gasa, in ba haka ba ɗaya daga cikinmu ya zauna a benci, kuma ni ne kyaftin, ni zan zaɓa.

Na gwada dabaru. Na ce a bar sunaye a koma lamba, ni Ɗaya shi Biyar. Nura ya ce wa Bashir ba zai iya kiran uban matarsa Ɗaya ba. Na ce abin rufe fuska ai ya rufe kowa, wa ya san wani? Amma shi ya san ni, ni ma na san shi. Daga ƙarshe na aika wa kawunsa cewa na yafe masa kunya a cikin raga, halak malak, ya kira ni yadda ya saba. Yaron ya yi ta fama. Ranar farko abin da ya iya shi ne, "Baba, in ba damuwa, hagu." Can wata ranar, wasa ya yi zafi, ya manta kansa, sai na ji tsohuwar muryar nan ta tsaga fili:

"Idi, kwanta! Ka makance ne?"

Na kwanta, ƙwallayen suka wuce ta kaina, muka ci wasan. Yara suka yi ta tsalle. Ni kuwa, 'ya'yana, sai na ji raina ya ɓaci. Yaron da zai auri 'yata, a gaban mutane, ya kira sunana gatsau ya ce na makance. Ni na roƙe shi, ni na aika a gaya masa, kuma kalmomin nan ya faɗa mini su ba adadi ina jin daɗi. Amma na kasa kallonsa. A cikin mikrobas, ƙaramar bas ta haya, kan hanyarmu ta komawa Faisal, ya ga fuskata ya fahimta. Washegari ya koma shirunsa, har ya fi na da.

Na kai ƙara wurin mahaifiyarku bayan magariba, tana tsinke ganyen miyar molokiya. Kun san bakinta.

"Malam, me kake so ne? Ya yi maka ladabi ka ce ya kashe maka wasa. Ya bar ladabi ka shigo kana huci kamar an ƙwace maka gado."

"Ina so ya zama Nura a cikin raga, ya zama suruki a waje."

"Kai ka iya zama Idi a ciki, Baba a waje?"

Ta ci gaba da tsinke ganyenta, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, kawun Nura ya aiko. Yaron ya yanke shawarar ajiye wasan ya koma dako a Ataba, don kada a ce ya tsaya takara da uban matarsa. Ta tuna mini abin da na sani: takardar zamansa a ƙasar nan a kan aikin ƙungiyar take, in ya ajiye wasan ita ma ta tafi. Daga bayan labule na ji muryar yayarku, wadda ba ta saba sa baki in ina magana ba.

"Umma, ki ce wa Baba ni duk wanda ya zauna daidai ne. Ni dai kada a fara gaba saboda ni."

Na tashi na fita baranda ina kallon mikrobas suna rige-rige a titi. Na yi fushi, ban san da wa ba. Na auna ta kowace fuska. Mai tsayawa a baya ana iya samun wani, Bashir ya koyi rabin abin da na sani. Mai shiga maciji irin Nura kuwa babu shi a Alƙahira. A matsayin kyaftin amsar a fili take, a matsayin uba ma haka. Idi ne kaɗai bai yarda ba, shi kuma ba wanda ya tambaye shi.

Da safe na riga kawun Nura zuwa wurin Ustaz Magdi. Na ce Bashir zai koma baya, a ɗauko yaron benci ya cike, ni zan tsaya bayan raga in riƙa ba da shawara. Ya dube ni ya daɗe, ya ce ma'alish, wato ba komai, amma har ya mutu ba zai gane mu ba. Na ce ni ma haka.

Na ɗauka na gama biyan abin da ake bina, ashe da saura. Ranar gasa, a wasan farko, na tsaya jikin raga daidai gefen maciji. Nura ya zame ciki yana ruri, yana juya yaran da murya, har da Bashir yake zagi. Sai ya ɗago don ya leƙa, idonsa ya faɗa kaina. Muryar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Aka fitar da shi, aka bi sauran ɗaya-ɗaya. Na koma ɗaya gefen, aka sake karawa, ya sake hango ni. Da aka tafi hutu Bashir ya zo yana sosa ƙeya, fenti na ɗiga daga haɓarsa.

"Malam, shi dai bai ce komai ba, wallahi bai ce ba. Amma... ana ganin ka."

Na ce na ji. Na cire rigar ƙungiya na miƙa masa, na bi ta ƙofar 'yan kallo na fita. A wajen katanga, inda ake ajiye motoci, akwai wani mai shayi da bencinsa. Nan na zauna, bayana jingine da bango, rana na dukan ƙafafuna. Mai shayin ya tambaye ni ko direban wata ƙungiya ne ni. Na ce e, don ban san me zan ce ba.

A kan bencin nan na yi sauran gasar, har wasan ƙarshe. Ban ga komai ba, amma babu abin da ya wuce ni. Muryar Nura na tsallako katanga tar. Randa ta cika. Ɗakin Kaka babu kowa, a shiga. Bashir, ka makance ne? Ina jin sunayen da na raɗa da dabarun da na koyar, ina ganin filin a cikin kaina, har ƙafata na motsi ita kaɗai. Mai shayi ya ce me suke faɗa haka? Na buɗe baki zan fassara masa sai na ji hawaye sun riga ni. Ban san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba, kuma kada ku tambaye ni yanzu, don amsar ba ta sauya ba. Da ihu ya tashi na ƙarshe, na ji ana kiran sunayensu a lasifika ɗaya bayan ɗaya, su biyar.

Can sai ga su sun fito da kofi, suna tsalle suna rungumar juna, Ustaz Magdi a tsakiyarsu yana kuka kamar yaro. Nura ne a gaba, muryarsa ta dushe don ihu. Ya hango ni a kan benci. Ya miƙa wa Bashir kofin, ya tako a hankali, ya tsaya daga nesa, ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, kansa a ƙasa.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"To madalla. A gai da mutanen gida."

Shekaru sun shuɗe, ya haifa mini jikoki, ya riƙe ƙungiyar har ya miƙa wa wasu. Amma tsakanina da shi, wannan ita ce duk maganar da muka taɓa yi a kan gasar.